Wace hula ce ta dace da doguwar tafiya da jakar goyo?

Ɗan'uwa, ka ce za ka hau tsaunukan Shere na kusa da Jos da jaka a baya, kana tambayar malfa ko hana-sallah. Malfar kaba ta fi inuwa, amma na gwada ta: bayanta ya yi ta tunkuɗar saman jakata, tana rufe min ido duk taku. Hana-sallah kuwa, ƙeya da kunnuwa ta bari a rana.

Nemi hular yadi mai faffaɗan baki mai laushi, fara ko ruwan ƙasa, da igiyar ɗaurewa a haɓa, don iskar saman dutse ba ta da mutunci. Kada sanyin Jos ya yaudare ka, tudun garin ya haura mita 1,200 sama da teku, rana na cin fata ko ba ka yi gumi ba. In ba ka samu ba, ɗora hirami ƙarƙashin hana-sallar.