Amsa ga mai neman ɗan yayarta da aka tsare a iyakar Amurka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya fito da shi lafiya. Kin ce ɗan yayarki mai shekara 17 ya ƙetaro ta Meziko, jami'an iyaka sun kama shi, yau kwana goma shiru, kin duba shafin ICE (hukumar shige da fice mai tsare baƙi da korarsu) na neman waɗanda ke tsare ba ki ga sunansa ba, kuma kina son ki karɓe shi.

Batun shafin nan kar ya tayar miki da hankali. Ba a saka wanda bai kai 18 ba a cikinsa. Da kin gan shi a can ne ma za mu damu, don hakan na nufin an ɗauke shi a matsayin babba. Dokar 2008 ta ce yaron da ya shigo ba iyaye tare da shi, in ba ɗan Meziko ko Kanada ba ne, jami'an iyaka su miƙa shi cikin awa 72 ga ORR, ofishin kula da 'yan gudun hijira, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Su ne ke ajiye yara a gidajen kulawa a jihohi daban-daban, ana iya kama yaro a Arizona a kai shi wata jiha mai nisa. Ki kira cibiyarsu a 1-800-203-7001 da cikakken sunansa, ranar haihuwa da ƙasarsa. Ba za su faɗa miki inda yake nan take ba, saƙonki za su tura gidan, sai jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa ya neme ki. Don haka a kwanakin nan ki riƙa ɗaga duk baƙuwar lamba. Ki ba su sunan ta kowace fuska da za a iya rubuta shi, domin Mahamadou da Muhammad da Mohamed suna uku ne a wurin kwamfuta. Ranar da aka kira ki, abu na farko da za ki nema shi ne lambar fayil ɗinsa mai farawa da harafin A. Ki rubuta ta a takarda, duk abin da zai biyo baya da ita ake yi.

Yanzu ki lissafa kwana nawa ya rage ya cika 18, saboda wannan shi ne abin da ke bin ku a guje. Ranar da ya cika, ORR ba ta da ikon ci gaba da riƙe shi, ICE ce ke karɓa. Doka ta ce su duba yiwuwar sakinsa ga wani amintacce maimakon kai shi wurin tsare manya, amma sai an shirya tun kafin ranar, da adireshi da sunan mai karɓa a rubuce. Ki faɗa wa jami'in da lauyan da ke zuwa gidan wannan tun a wayar farko. In kuwa yaron ya yi tafiya da fasfo da aka ƙara masa shekaru, a fito da maganar yanzu tare da takardar haihuwa ta asali da takardun makaranta. Suka gano da kansu, sai a shiga binciken shekaru, har da hoton haƙora.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne dangantaka. A wurinmu ɗan yayarki ɗanki ne, ɗan baffa wa ne ko ƙane, kuma ba ƙarya muke yi ba. A fom ɗinsu kuwa kowace kalma tana da iyaka. Sun kasa masu karɓa aji-aji: iyaye ko mai riƙo na shari'a a gaba, sai wa ko ya ko kaka da dangi na kusa da suka taɓa riƙon yaron, sai inna, goggo, kawu da baffa da ba su riƙe shi ba, sai dangi na nesa da wanda ba dangi ba. Yadda aka gangara haka bincike ke ƙaruwa. Ki ce “ɗana ne”, shi kuma a can ya ce wa jami'i “ƙanwar mamata ce”, an sami magana biyu ke nan. Sai a goga auduga a cikin kumatunku a yi gwajin DNA, ya nuna ba ke kika haife shi ba, fayil ya koma na zargin zamba, abin da zai ɗauki makonni ya koma watanni. Ki faɗi abin yadda yake: mahaifiyarsa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ko uba ɗaya kawai in haka ne. In kin taɓa riƙonsa yana ƙarami, ki ambata da shekarun da ya yi a hannunki, wannan yana ɗaga ajinki. Ki nemi a kawo masa tafinta na Hausa, kar a bar shi yana cewa “yes” ga abin da bai gane ba.

Takardun kuma sarƙa ake so: ta haihuwarsa mai sunan mahaifiyarsa, ta mahaifiyar, da taki, yadda sunan iyayenku zai fito iri ɗaya. Wadda ba da Turanci take ba a fassara ta. A haɗa da takardar amincewar iyayensa, shaidar adireshi kamar yarjejeniyar haya ko takardar kuɗin wuta, da shaidar abin da kike samu. A ɗauki hoton kowace a shimfiɗe, kusurwa huɗu a fili, hatimi yana karantuwa. Hoto mai duhu kaɗai na iya cinye mako guda.

Tun daga 2025 an tsaurara sosai. An rage irin katin shaidar da ake karɓa, kuma duk baligin da ke kwana a gidanki sai ya ba da shaidarsa an ɗauki zanen yatsunsa. Nan ne abu ke yawan tsayawa, musamman a gidan da ake haɗa haya, mutum ɗaya ya ce shi ba ruwansa, shi ke nan. Kar ki ɓoye shi, ana iya turo mai duba gida. Ki yi magana da su tun yau. Sannan gaskiya ɗaya ce, in ke ma takardunki ba su cika ba, akwai haɗari. A 2018 an kama wasu da suka fito karɓar yara, kuma a 2025 an cire shingen da ya hana a ba hukumar shige da fice bayanan masu karɓa. Ki ga lauyan shige da fice kafin ki sa hannu a komai. In akwai wani a dangi mai cikakkiyar takarda wanda da gaske yaron zai zauna wurinsa, ni a ganina shi ya tsaya. Aron suna ko aron adireshi kuwa, kar a fara.

ORR ba ta karɓar kuɗi don ta saki yaro. Wanda ya kira ya ce a tura dala kaza a gaggauta fayil, ɗan damfara ne, ko da ya san sunan yaron. Abin da zai iya tasowa shi ne kuɗin tikitin jirgi, shi ma ki tabbatar daga bakin jami'in da kika riga kika sani.

Sakinsa ba takardar zama ba ce, shari'ar korarsa tana nan a kotun shige da fice. Da ya iso, a cike fom EOIR-33 cikin kwana biyar a sanar da kotu sabon adireshi, a kuma nemi a dawo da shari'ar kotun da ke kusa da ku, don canza adireshi kaɗai ba ya yin haka. Ki riƙa duba ranar zama a 1-800-898-7180 da lambar A ɗin nan. Ya rasa zama ɗaya, alƙali na iya yanke hukuncin kora ba ya nan. Gwamnati ba ta ba shi lauya, sai ku nema a ƙungiyoyin da ke yi kyauta, kuma layinsu dogo ne. Lauyan zai duba neman mafaka da fom I-589, ko matsayin musamman na yaran da uwa ko uba ya yasar, ya yi sakaci da su ko ya cutar, wanda sai an fara samo umarni daga kotun iyali ta jiha kafin a tura fom I-360. A New York ƙofar nan a buɗe take har ya kai 21, a wasu jihohin tana rufewa a 18, don haka ki faɗa mana jihar da kike. Ki sa shi makarantar gwamnati da wuri, tun hukuncin kotun ƙoli na 1982 ba a hana yaro karatu saboda rashin takarda. Ko da bashin hanya yana kan iyayensa, kar a tura shi aikin dare da katin wani, a gaban alƙali abin zai dawo masa.