Tsawa ko amana: wanne ya fi zaburar da yara 'yan ƙwallo?

Tambaya: Ina horar da yara 'yan shekara 13 zuwa 16 a wani fili da ke Pantami, cikin garin Gombe. Idan ina tsaye da usur a baki kowa yana himma, amma ranar da ban zo ba sai atisaye ya watse. Shin in ƙara tsananta hukunci ne, ko in sakar musu mara?

Amsa: Malam, abin da ke faruwa ranar da ba ka nan ya nuna cewa himmar yaran nan a idonka take rataye, kuma ƙarin tsawa ba abin da zai yi illa ƙara ɗaure su da tsoronka. Sakin mara gaba ɗaya shi ma ba zai yi ba, domin yaro ɗan shekara 14 yana bukatar iyaka.

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna bincike a kan abin da ke sa himma ta ɗore, inda suka nuna cewa mutum yana bukatar ya ji yana da ta cewa a cikin aikin, ya ga ƙwarewarsa tana ƙaruwa, ya kuma ji ana yi da shi. Hukunci kaɗai ba ya biyan ko ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka ka taƙaita dokokinka zuwa uku ko huɗu, ku zauna ku tsara su tare da yaran: lokacin zuwa bayan la'asar, haramcin zagi, da abin da zai biyo bayan fashi ba dalili. Ina roƙonka ka daina tsallen kwaɗo da zagaye fili a matsayin hukunci, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin kana koya wa yaro cewa gudu azaba ne, alhali da gudun zai ci abinci. Benci ya fi komai yi wa ɗan ƙwallo ciwo. Na taɓa ganin koci ya ajiye ɗan gaban da ya fi kowa cin ƙwallo saboda fashin atisaye, yaron ya zauna da takalminsa a hannu har aka tashi, daga ranar kuwa ya riga kowa zuwa fili. Amma kafin ka yanke hukunci ka tambayi dalili, don wani daga Islamiyya yake fitowa, wani kuma shagon mahaifinsa yake tsare.

Amana kuwa da kaɗan-kaɗan ake miƙa ta. Wannan ya riƙe ƙwallaye, wancan ya tanadi ruwan sha, wani ya jagoranci ɗumama jiki, kyaftin kuma a riƙa sauya shi duk wata. Ka tuna musu cewa bayan Golden Eaglets, wato matasan 'yan ƙwallon Najeriya, sun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013 ƙarƙashin Manu Garba, Kelechi Iheanacho ya wuce Manchester City, kuma wanda ya kai irin wannan matsayi shi ke lura da barcinsa da cimarsa. Ko mai burin Gombe United ko Wikki Tourists ta Bauchi bai tsira daga wannan ba.

Bayan makonni kaɗan ka makara da gangan, ka tsaya daga nesa ka gani ko sun fara ɗumama jiki da kansu. Idan sun fara, ka yaba wa wanda ya tara su a gaban kowa, ka ƙara masa aiki.