Tafiya Butan: nawa ne kuɗin, kuma me Musulmi zai ci?

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya zuwa Butan, ƙasar da ke tsakanin Indiya da Sin, shi kaɗai da ɗan guzurinsa. Zai iya, amma ƙasar ba ta araha ba ce. Ban da dala 40 ta biza, gwamnati na karɓar dala 100 a kan kowane dare da baƙo ya kwana, otal da abinci kuma daban. Jirgi a garin Paro yake sauka, kamfanoni biyu ne kawai ke zuwa, Drukair da Bhutan Airlines, don haka sai ka bi ta birane kamar Delhi, Katmandu ko Bankok.

Ka je a Oktoba ko Afrilu, damina tana lalata hanyoyin duwatsu. Wurin ibadar 'yan Buda na Taktsang yana maƙale a jikin dutse, sama da mita 3,000 daga matakin teku, hawansa kusan awa uku a ƙafa. Kada ka hau ranar da ka iso, numfashi zai gagare ka. Ka rufe jiki sosai, ka cire takalmi a ƙofa.

Naman alade ya yawaita a girkinsu, ni dai shawarata ka tsaya ga jar shinkafa da ema datshi, barkono ne da cuku.