Hoton Ƙashi Ba Ya Nuna Duk Abin da Ke Cikin Gwiwa

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Da na karanta tambayarka sai da jikina ya yi sanyi, domin kamar labarina ka rubuta. Ka ce kuna wasan ƙwallo ƙafarka ta kafe a ƙasa jikinka ya juya, ka ji wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwa, kafin dare ta kumbura suntum, aka yi hoton ƙashi aka ce babu karaya, amma ga shi wata 3 tana gocewa. Kana so ka san abin da ya lalace tunda ƙashi lafiya yake.

Ni nawa ya same ni ne da na diro daga bayan mota da kaya a hannu. Likitan da na fara gani ya ɗaga hoton ya kalla, ko taɓa gwiwar bai yi ba, ya ce targaɗe ne, sannan ya ƙara da cewa raki ne ya yi mini yawa. Wannan kalma ta raki ita ta cuce ni, domin daga ranar na daina faɗa wa kowa cewa ƙafata ba ta ɗaukata, ina jin kunya. Bayan wata 7 ina saukowa daga bene ɗauke da 'yata mai shekara 2, sai gwiwar ta tafi gaba ɗaya kamar an zare ta daga jikina. Na rungume yarinyar na faɗi ta baya, muka gangaro matakala huɗu. Ba ta ji ciwo ba, amma har yau ina jin ihunta a kunnena, kuma har yau idan na tuna yadda mutumin nan ya ajiye hoton ya kira na gaba, raina yana ɓaci. Minti biyu kacal zai ɗauke shi ya duba ni da hannu.

Likitan ƙashi da na gani daga baya kwantar da ni ya yi, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwauri da ɗayan, sai ƙwaurin ya zamo gaba kamar aljihun tebur. Shi ya fahimtar da ni cewa ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a gaɓar, wato ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa, kuma ba su shige cikin juna ba yadda na ƙugu suka shige, manyan jijiyoyi 4 ne ke ɗaure da su. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma sun gicciye juna a tsakiya. Ta gaba daga cikin masu gicciyen ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa, kuma tawa ta tsinke tun ranar farko. Kumburin da ya zo cikin 'yan sa'o'i ma jini ne ya taru a cikin gaɓar.

Akwai kuma guringuntsi guda 2 masu siffar jinjirin wata da ke zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar matashi. Bakinsu na waje ne kawai jini ke kaiwa sosai, shi ya sa idan can ciki ya yage da wuya ya haɗe da kansa. Nawa na ɓangaren ciki ya yage, kuma likitan ya ce mai yiwuwa yawan gocewar da na yi ta daurewa ce ta jawo. Jijiya da guringuntsi duk ba sa fitowa a hoton ƙashi, sai a hoton maganaɗisu da ake kira MRI.

Ba na cewa lallai ciwonmu ɗaya ne, amma ka daina ƙwallo tukuna, don Allah. Ka nemi likitan ƙashi, kuma kada ka tashi daga gabansa sai ya gwada gwiwar da hannunsa. Ba kowa ake yi wa tiyata ba, wasu motsa jiki a wurin likitan fisiyo yana isar su. Ni an yi mini, aka ciro jijiya daga bayan cinyata aka maye gurbin wadda ta tsinke, kuma sai da na kusa shekara kafin na sake gudu. Ka auna cinyoyinka biyu da igiya, za ka yi mamakin yadda mai ciwon ta rame, alhali tsokar gaban cinya na cikin abin da ke riƙe gwiwa. Kada kuma ka sauko bene ɗauke da yaro.

Abu ɗaya ba ka faɗa mana ba: gwiwar tana kullewa ta ƙi miƙewa? Idan tana yi, wataƙila guntun guringuntsi ne ke maƙalewa a tsakiya, kuma wannan kada ka bari ya kwana biyu ba a duba ba.