Dalilin da ya sa fayil ɗin .deb ya ƙi shiga Fedora

Malam, ka tambayi abin da ya hana fayil ɗin .deb (fayil na saka manhaja) da ka sauke shiga kwamfutarka mai Fedora, wato wani nau'in tsarin aikin kwamfuta na Linux. Wannan nau'in fayil na Debian da Ubuntu ne, wasu nau'o'in Linux masu amfani da apt wajen saka manhajoji, ita kuwa Fedora da .rpm take aiki ta hanyar dnf, nata kayan saka manhajoji. Shawarata ita ce ka rubuta umarnin sudo dnf install sannan sunan manhajar a tagar rubuta umarni (terminal), domin dnf zai jawo duk abubuwan da ta dogara da su daga ma'ajiyar manhajojin Fedora, wadda na fi amincewa da ita nesa ba kusa ba fiye da shafukan da ba a san masu su ba. Idan babu ita a can, ka duba Flathub, ma'ajiyar manhajoji masu tsarin Flatpak, tunda wannan tsarin saka manhaja yana aiki a yawancin nau'o'in Linux.