Tafiyar ganin kogin ƙanƙara a jirgin ruwa: Hajiya daga Mabera ta yi tambaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata da ke aure a Bankuba ta ƙasar Kanada ta ce idan na je ganin jikokina za ta saka ni a jirgin ruwa na yawon buɗe ido zuwa Alaska. Ta ce akwai yini guda da ba a sauka ko'ina, sai kallon ƙanƙara daga safe har yamma. Me ake gani a wannan yinin? Ni da hunturun Sakkwato ma ke hana ni fita da safe, zan iya jure sanyin? Sallah kuma fa? Daga wata Hajiya, unguwar Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ja da ranki, ya yi wa ɗiyar albarka. Ki karɓi tayin. Wannan yinin da kike ganin kamar na zaman banza ne, shi ne zuciyar tafiyar gaba ɗaya.

Da alama inda take nufi shi ne Gilasiya Be, wani mashigin teku kuma gandun gwamnatin Amurka a kudu maso gabashin Alaska. Ki sa ta duba takardar tafiyar da kyau kafin ta biya kuɗi, domin manyan jirage biyu kacal hukumar gandun ke bari su shiga a rana, saboda haka ba kowane jirgin Alaska ke zuwa can ba. Wasu kan nufi kogin ƙanƙara na Hubad, wanda tsawonsa ya kai kilomita 122, shi ma abin kallo ne.

Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba a kan duwatsu shekara da shekaru ba ta narke ba, ta sama tana danne ta ƙasa har ta daskare ta yi tauri, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa a hankali cikin kwari. Tafiya take yi, ko da ido ba ya gani. Inda ta iso teku sai ta tsaya a matsayin bango, gaɓarta tana ɓallewa tana faɗawa ruwa.

Da sassafe jirgin zai shiga bakin mashigin. Ƙaramin kwalekwale zai matso jikinsa, ma'aikatan gandun su hau tsani su shigo alhali jirgin bai tsaya ba. Su za su yini suna bayani ta lasifika, da Turanci, don haka ki zauna kusa da ɗiyarki ta riƙa fassara miki. Daga nan tafiyar sa'o'i ce tsakanin duwatsu, a ruwa mai kwanciya, wanda ba ya sa jiri ko tashin zuciya. Idan Allah ya sa kina da rabo za ki ga ƙatuwar dabbar tekun nan mai fesa ruwa ta ƙoƙon kai, da fararen awakin dutse a jikin tsauni, wani lokaci har da beyar, wata babbar dabbar daji mai yawan gashi, tana kiwo a gaɓa. Ku tafi da madubin hangen nesa, in ba haka ba awakin za su zame miki ɗigo-ɗigo fari.

Abin da nake so ki lura da shi a wannan hanya shi ne bishiyoyi. A bakin mashigin daji ne mai duhu. Kina ƙara shiga sai bishiyoyin su gajarce, su koma sarƙaƙiya, daga ƙarshe sai dutse tsirara. Dalili kuwa, duk ruwan da jirginku ke bi a kai ƙanƙara ce ta rufe shi a da. A 1794 da matuƙin jirgin Ingila Joj Bankuba ya bi ta wurin, wanda sunansa garin ɗiyarki ya ci, bangon ƙanƙara ya tarar kusan a bakin mashigin. A 1879 da masanin halittu Jon Miyur ya je, ta ja da baya fiye da kilomita 48. Yau sai an yi tafiyar kimanin kilomita 100 kafin a cim mata. Inda ta fara saki tuntuni daji ya girma, inda ta saki kwanan nan ko ciyawa ba ta kama ba. Kuma wurin yana da masu shi: ƙabilar Huna Tilingit a nan suke zaune har ƙanƙarar ta taso ta kore su wajen 1750, kuma har gobe suna kiran sa ƙasar kakanninsu.

Wajen hantsi ko tsakar rana za ku iso gaban kogin ƙanƙara na Majari. Tsawonsa kilomita 34, bangonsa ya ɗaga sama da ruwa kimanin mita 60. Jirgin zai tsaya wajen sa'a ɗaya, ya juya a hankali domin na hagu da na dama kowa ya samu. Ba fari fat ba ne kamar yadda ake zato. Akwai baƙin zane na dutsen da ya niƙo a hanya, akwai kuma shuɗi mai zurfi a cikin tsagogi, domin ƙanƙarar da ta matsu sosai tana shanye jan haske ta bar shuɗin ya fito. Ranar da aka yi hadari ma shuɗin ya fi kyau, don haka kada ranki ya ɓaci idan ba a ga rana ba.

A nan ne nake roƙonki, Hajiya, ki fito waje. Da yawa sukan zauna bayan gilashi a ɗakin cin abinci, su dawo gida da hoto kawai. Rabin abin a kunne yake. Za ki ji bangon yana ƙara kamar tsawar farkon damina, sannan wani ɓangare ya ɓalle ya rufta cikin teku. Sau da yawa kafin ƙarar ta iso kunnenki guntun ya riga ya faɗi, saboda haka ki kafa ido a bangon, ki ajiye waya. Ba wanda zai yi miki alkawarin za ta ɓalle a gabanki, wani jirgin ya ga sau da yawa, wani ya tafi bai ga ko ɗaya ba. Ko ba ta faɗi ba, gutsattsarin da ke yawo a ruwa suna ta ɗan fashe-fashe, iskar da ta maƙale a cikinsu tun da daɗewa ce ke fita.

Sanyin za ki iya da shi. Ana wannan tafiya ne daga Mayu zuwa Satumba, kuma ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 10, ya yi ƙasa a gaban ƙanƙarar saboda iskar da ke saukowa daga kanta. Bambancinsa da namu shi ne laima, ga yayyafi a kai a kai. Ki saka kaya hawa-hawa: doguwar rigar ciki da wando masu ɗumi, rigar sanyi, sai wadda ruwa ba ya ratsawa a sama. Hular sanyi a ƙarƙashin hijabi, safar hannu, takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Ki ɗaure mayafi da kyau, iska na iya fizge shi, kuma an hana barin komai ya faɗa ruwan gandun. Idan sanyi ya ratsa ki, ki shiga ki sha shayi ki sake fitowa.

Sallah tana buƙatar shiri. A watan Yuni yini yakan kai sa'o'i 18 a wannan yanki, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, ta sake fitowa kafin ƙarfe 4. Alƙibla kuma daga can kusan arewa take, ba gabas ba, ga shi jirgi yana juyawa, don haka ki duba manhajar waya dab da kabbara. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ki tambayi malaminki tun kina Sakkwato. Abinci ma ɗiyarki ta sanar da kamfanin tun da wuri cewa halal kuke ci, kifi dai ba ya yankewa a Alaska.

Sai maganar biza, wadda ta fi sanyin kayar da mutane. Jirgin daga Kanada zai tashi, amma zai tsaya a garuruwan Amurka irin su Juno da Kecikan, kuma mai fasfon Najeriya sai da bizar Amurka a hannu za a bar shi ya hau, ko da ya ce ba zai sauka ba. Dokokin kuma suna yawan canzawa. Kada a biya kuɗin ɗaki sai bizar ƙasashen biyu ta fito.