Buhu nawa zan buɗe kafin in biya kuɗin albasa?

Wani Alhaji mai sayen albasa a Goronyo yana kai wa Legas ya aiko da tambaya biyu. Ya ce ya sayi buhu 200, ya buɗe biyar a gaban dillali ya same su lafiya lau, amma da mota ta isa kasuwar Mile 12 aka tarar da ruɓaɓɓu masu yawa, don haka yana son sanin buhu nawa ya kamata ya riƙa dubawa. Ta biyu kuwa, ya gwada kayan wani sabon mai sayarwa a Wurno, ya sami buhu 2 marasa kyau cikin 20, na tsohon abokin cinikinsa kuma 4 cikin 20, shi ne yake tambaya ko ya koma wurin sabon.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka yi shi ne masana ƙididdiga ke kira ɗaukar samfur, wato a duba kaɗan domin a yi hukunci a kan mai yawa, kuma ba laifi ba ne, domin babu ɗan kasuwar da zai zazzage buhu 200 a rana ɗaya. Matsalar tana wurin yawan abin da ka duba da kuma yadda aka zaɓo shi.

Mu ƙaddara cewa buhu 20 cikin 200 ɗin nan suna da ruɓa tun daga Goronyo, wato ɗaya cikin kowane goma. Idan ka ɗauko biyar ba tare da zaɓe ba, yiwuwar dukkansu su fito masu kyau ta kai kusan kashi 59 cikin 100. Ma'ana, ko babu wanda ya yi maka wayo, sau shida cikin goma za ka tafi da zuciya a kwance alhali ɓarna na cikin motarka. Idan ka buɗe goma, yiwuwar ta sauko zuwa kusan sulusi. Idan ashirin ne, kusan kashi 11. Idan ka kai talatin, ta faɗi ƙasa da kashi 5. Shawarata ita ce talatin a irin wannan lodi, domin ladan yaran da za su kwance su sake ɗinkewa bai kai asarar buhu ashirin da kuɗin motarsu ba.

Yadda aka zaɓo buhunan ma ya fi yawansu muhimmanci. Matar da ta san girki takan motsa tukunya kafin ta ɗanɗana gishiri, saboda abin da ke sama ba lallai ya zama shi ne a ƙasa ba. In dillali ne ya nuna maka buhunan, ko kuma na bakin layi kawai aka jawo don sun fi sauƙin ɗauka, to ko hamsin ka buɗe ba su wakilci sauran ba. Ka sa a rubuta wa buhunan lamba daga 1 zuwa 200, ka jefa ƙuri'a da 'yan takardu, duk lambar da ta fito a ciro ta ko tana can ƙarƙashin tsibi, a zazzage ta har gindi. Ka kuma tuna cewa samfur yana gaya maka halin albasar ne a ranar saye. Abin da zafi da jinkirin hanya za su yi mata tsakanin Sakkwato da Legas wani lissafi ne daban, don haka kada ka yi saurin zargin mutum.

Tambayarka ta biyu ita ake kira gwajin zato. Ana farawa ne da ɗaukar cewa kayan mutanen biyu ɗaya ne, sannan a tambaya: in haka ne, sau nawa dacewa kaɗai za ta haifar da bambancin da aka gani? Ka yanka takardu 40, ka sa wa shida alama, ka cakuɗa, ka raba su ashirin-ashirin. Sau ɗaya cikin uku ne kawai za su faɗi uku da uku; sauran lokutan za ka ga biyu da huɗu ko tazarar da ta fi haka. Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila tun daga 1919, shi ya yaɗa al'adar cewa kada a amince da bambanci sai yiwuwar faruwarsa bisa dacewa ta gaza kashi 5 cikin 100. Naka kuwa ya kusa kashi 66, nesa ƙwarai da wannan mizani.

Wannan bai nuna cewa kayansu daidai suke ba, iyaka dai hujjar da ke hannunka ba ta isa ka rabu da mutumin da kuka daɗe kuna amana ba, wanda wataƙila yana ba ka bashi ranar da hannu ya yi sanyi. Ka raba sayenka tsakaninsu a wannan kaka, ka buɗe littafi ka riƙa rubuta ranar saye, buhunan da aka duba, waɗanda suka ɓaci da kwanakin da mota ta yi a hanya. In kowannensu ya kai buhu ɗari da aka duba, ka aiko mini da alƙaluman mu sake lissafi.